Amanin da ke cikin miyarmu, ɗan wane gida ne?

A watan Yulin 2022, ana tsakiyar hutun teku, wani ɗalibina ya yi kwana huɗu bai zo makaranta ba. Yaro ne mai ƙoƙari, ba ya fashi haka kawai. Ranar Asabar na hau mota daga Kotokuraba zuwa Elmina don in ji ko lafiya. Na tarar da mahaifinsa, wani dattijon Bafante, zaune a inuwar kwale-kwalensa yana gyaran taru. Bakin ruwan nan da aka sani da hayaniya ya yi tsit, jirage a jere an ɗaure, tutocinsu kawai ke kaɗawa.

Muka gaisa. Na ce, "Egya, yaron nan fa shiru." Ya ce lafiyarsa ƙalau, kuɗin mota da na abinci ne babu, tunda aka rufe teku ko pesuwa ba ta shigo gidan ba. Sai ya ajiye tarun ya dube ni.

"Ticha, kai ne mai karatu, bari in tambaye ka. Gwamnati ta ce mu zauna a gida wata guda don kifi ya samu ya zuba ƙwai. Mun ji, mun zauna. Amma ƙanena yana Sasandara a Kwaddibuwa, jiya ma mun yi waya, sun fita sun dawo da eban. To kifin nan da na bari, shi ne ƙanena yake kamawa, ko nasu daban ne?"

Eban shi ne amani a bakin Fante. Wallahi ba ni da amsa. Ni da nake koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, na sha zana wa yara hoton kifi a allo ina nuna musu sassan jikinsa, amma ban taɓa tsayawa na yi wannan tunanin ba. Na ce masa zan bincika. Da na shiga binciken sai na gane cewa masana kifin teku sun fi shekara 100 suna fama da wannan tambayar ta dattijon, kuma duk wata dokar kamun kifi a kanta take tsaye.

Mu 'yan zango, ina ruwanmu?

Wani zai ce mu 'yan zango ina ruwanmu da maganar teku, tunda ba mu da jirgi ba mu da taru. To mutum ya leƙa madafin gidansu. Goggona ta fi shekara 20 tana sayar da waakye, kuma shiton da ke jawo mata ciniki da garin amani ake yin sa. Miyar ayoyo ta tuwon zafi in babu amani a ciki ai ruwa ce kawai. A gaɓar teku ake banda shi, a jera a kwanduna, a loda a mota zuwa Kumasi, Techiman, Tamale, Bolgatanga har Bawku. Gidan da ba a ganin nama sai ranar sallah, amani ne namansu na kullum.

Alƙaluman da hukumomi ke aiki da su sun nuna kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da 'yan Ghana ke ci daga kifi yake fitowa. Kimanin kashi 10 cikin 100 na jama'ar ƙasar kuma da kifi suke cin abinci: masunta, mata masu banda, masu sassaƙa jirgi, direbobi da 'yan kasuwa. Jigon kamun masu kwale-kwale shi ne ƙananan kifayen nan masu yawo garke-garke a saman ruwa, wato amani iri biyu, da makarel, da 'yan firit ɗin nan da ake wa laƙabi da Keta school boys.

Amanin da aka sauke a gaɓar Ghana a 1996 ya haura tan 135,000. A 2016 bai kai tan 30,000 ba. Goggo ba ta san waɗannan lambobin ba, amma ta san kwandon da take saye ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ninka, kifin ciki kuma yawanci 'yan ƙanana ne. Duk da haka in na yi mata maganar sai ta ce, "Kai ɗan nan, teku ba ya ƙarewa, 'yan kasuwa ne ke ɓoye kaya." Gaskiya ne ruwan ba ya ƙarewa. Kifin ciki kuwa yana iya ƙarewa, kuma gida-gida yake ƙarewa.

Jinsi ɗaya, zuriya daban-daban

Baƙo in ya shigo zango, duk wanda ya gani da hula da doguwar riga sai ya ce Bahaushe ne. Mu da ke ciki mun san akwai Bahaushe, akwai Bazabarme, akwai Dagomba, Mosi, Kotokoli, Wangara da Bafulatani, kowa da sarkinsa, kowa da garin da iyayensa suka fito. Kifin teku ma haka abin yake. A faranti duk amani ɗaya ne, amma a cikin ruwa gida-gida suke.

Abin da masana ke nema su gane shi ne wannan gidan, wanda a rubutun nan zan riƙa kira zuriya. Zuriya ita ce tarin kifaye jinsi ɗaya da ke hayayyafa a tsakaninsu. Suna da wurin da suke zuba ƙwai da lokacin da suke zubawa, suna da inda 'ya'yansu ke girma, suna da hanyar yawonsu, kuma wanda ke shigo musu daga waje ko ya fice daga cikinsu bai taka kara ya karya ba. Zuriya daban take da garke. Garke shi ne abin da masunci ya hango yau ya zagaye da taru, kuma garke guda na iya haɗa 'ya'yan zuriya biyu da suka gamu a wurin kiwo.

Me ya sa sai an bambance? Saboda aikin hukumar kifi lissafi ne irin na ɗan kasuwa: nawa aka haifa bana, nawa suka mutu, nawa za a iya ɗiba a ci riba ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba. Wannan lissafin ba ya yiwuwa sai an san jakar da ake ƙirgawa. Kuskure iri biyu ake yi.

Na farko, a haɗa zuriya biyu a ƙirga su a matsayin ɗaya. Duk malamin makaranta ya san wannan. In ka haɗa makin aji biyu ka fitar da matsakaici, sai ka ga sakamako mai kyau, alhali aji guda ya faɗi warwas, ɗaya ajin ne ya rufa masa asiri. Haka ake cinye ƙaramar zuriya ƙurmus, jimillar kamu kuma tana nuna komai lafiya.

Na biyu, zuriya ɗaya ce amma a ɗauka da yawa ce. Kamar mutum huɗu ne ke ɗiba daga asusu guda, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, kowa yana ganin ai abin da yake cira bai yi yawa ba. Ranar da aka fasa asusun sai kallon-kallo.

Yadda ake gane ɗan wane gida

Kifi ba ya ɗauke da katin shaida, ba ya da tsagar gado a fuska. Dole masana suka nemo alamu a jikinsa, kuma hanyoyin da suka fi amfani da su biyar ne.

Hanya ta farko ƙirga ce da awo. A da can Turawa sun yi imani cewa duk kifin herin, ɗan'uwan amaninmu na ƙasashen sanyi, daga ƙarƙashin ƙanƙarar arewacin duniya yake fitowa sau ɗaya a shekara, runduna guda, ya bazu a tekunansu. In haka ne kuwa, ba mai iya ƙarar da shi. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Heincke ya kwashe shekaru yana auna dubban kifaye ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga gaɓoɓin ƙashin bayansu da ɓawon ƙasan cikinsu. A 1898 ya fitar da sakamakon aikinsa: herin gida-gida ne, wasu da bazara suke zuba ƙwai, wasu da kaka, kowanne da yankinsa. Kifi guda ba zai gaya maka komai ba, amma in ka ƙirga ɗari daga nan, ɗari daga can, matsakaicin adadin gaɓoɓin sai ya sha bamban. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne sanyin ruwan da ƙwan ya ƙyanƙyashe a ciki, don ruwa mai sanyi yakan ba da gaɓoɓi fiye da mai ɗumi. Har yau ana amfani da wannan hanyar, sai dai yanzu hoto ake ɗauka kwamfuta ta yi awon.

Hanya ta biyu ita ce maƙala lamba, kamar yadda ake wa shanu alama a kunne. A shekarun 1890 wani masani ɗan ƙasar Danmak, C.G.J. Petersen, ya fara maƙala wa kifi 'yan maɓallai masu lamba ya sake su, duk masuncin da ya kama sai ya dawo da lambar ya faɗi inda ya kama. Wannan aikin ya zo har ƙofar gidanmu. Hukumar ICCAT mai kula da kifin tuna na Tekun Atlantika, wadda Ghana mamba ce a cikinta, ta gudanar da wani shiri daga 2015 zuwa 2021 inda aka sa wa tuna sama da 100,000 lamba, kuma tashoshin Tema, Abijan da Dakar na cikin wuraren da aka riƙa karɓar lambobin ana ba da tukuici. Akwai kuma lambobi na zamani masu na'ura, waɗanda ke rubuta zurfi da zafin ruwan da kifin ya bi. Su ne suka tona asirin wani babban tuna mai tsada da ake kira bulufin. An daɗe da ja masa layi a tsakiyar Atlantika, aka ce na yamma a Tekun Meziko yake haihuwa, na gabas a Bahar Rum. Wurin haihuwar ya tabbata, amma na'urorin sun nuna kifin yana tsallake layin yadda ya ga dama, su cakuɗu a wurin kiwo. Shi amani matsalarsa ita ce ƙarami ne kuma ba ya jure taɓi, don haka sa masa lamba na da wuya.

Hanya ta uku ta fi burge ni, don na gwada ta da ɗalibaina da wuƙa da kan kifi ɗanye. A cikin kan kifi, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wasu 'yan fararen tsakuwoyi da ke taimaka masa wajen ji da daidaita tsayuwarsa a ruwa. Tsakuwar kunne ke nan. Tana girma ne zobe bisa zobe, kamar yadda ake gani a kututturen itace in an yanka, har ana iya ƙirga shekarun kifin, a ƙananan kifaye ma a ƙirga kwanakinsu da madubin ƙara girma. Abin da ya shiga tsakuwar ba ya gogewa. Kowane ruwa da irin sinadaransa, kuma tsakuwar tana ɗaukar su tana ajiyewa. Ƙwayar tsakiyarta tana ɗauke da shaidar ruwan da aka haifi kifin. A ƙasar Norwe tun shekarun 1930 ake duba zanen tsakuwar kunne a bambance kifin kod mazaunin gaɓa da ɗan'uwansa da ke zuwa daga Tekun Barents don haihuwa. Wannan kod ɗin shi ne ake busarwa ya zama okporoko da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya.

Hanya ta huɗu ita ce duba ƙwarin da ke maƙale wa kifi. Makiyayi in ya ga irin kaskar da ke jikin saniya yakan iya cewa daga dajin da ta fito. A Afirka ta Kudu akwai wata 'yar tsutsa da ke zama a idon kifin sadin. Masana sun gano tana da yawa a sadin na gaɓar yamma, ba ta da yawa a na gaɓar kudu. Wannan na cikin hujjojin da suka sa aka daina kallon sadin ɗin ƙasar a matsayin jaka guda, aka koma lissafin na yamma daban, na kudu daban, tare da lura da waɗanda ke ƙaura daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Hanya ta biyar ita ce gwajin DNA, irin wanda ake yi don gane uban yaro. Ɗan yanki kaɗan daga jikin kifi ya isa. Hanya ce mai ƙarfi, amma tana da tarko. Kifin da ke yawo a buɗaɗɗen teku, ƙwansa da 'ya'yansa igiyar ruwa ke kwasa ta kai su nesa, kuma ko kaɗan ne suka riƙa auratayya tsakanin gida biyu, ya isa ya sa gwajin ya nuna kamar ba bambanci. Amma wannan 'yar cuɗanyar ba za ta iya cike gidan da aka kwashe ba. Shi ya sa masana ba sa dogara da hanya guda, sai sun haɗa biyu ko uku, su kuma saurari masunta, waɗanda suka san lokacin da kifi ke cika da ƙwai da inda yake taruwa.

Abin da ya faru da waɗanda suka yi kuskure

A ranar 2 ga Yulin 1992 ministan kifi na Kanada, John Crosbie, ya sanar da rufe kamun kod a gaɓar Nufanlan, wurin da aka shafe kusan shekara 500 ana kamun wannan kifin. Kimanin mutum 30,000 suka rasa sana'a. An ce shekara biyu za a yi, sai da aka kai 2024 kafin a sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma kaɗan-kaɗan. Dalilan rushewar suna da yawa, amma ɗaya daga ciki shi ne an ɗauki kod ɗin yankin a matsayin jaka guda, alhali rukuni-rukuni ne masu wuraren haihuwa daban-daban. Masuntan gaɓa sun yi ta kukan cewa kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance. Manyan jirage kuwa suna da na'urar gano inda ragowar suka taru, don haka ragarsu ta ci gaba da cika, lissafi ya ci gaba da nuna lafiya, har aka zo ƙarshe.

A Tekun Arewa na Turai ma haka aka yi da herin. Rukunin da ke haihuwa a kudancin tekun, tsakanin Ingila da Faransa, shi ya fara durƙushewa tun shekarun 1950. Jirage suka matsa arewa suka ci gaba da ɗiba daga sauran rukunan, har a 1977 aka rufe kamun gaba ɗaya na wasu shekaru. Herin ya farfaɗo daga baya, amma akwai tsofaffin wuraren haihuwar da suka daɗe ba kowa. In gida ya mutu, ba lalle ne maƙwabci ya zo ya gaje shi ba.

To, amanin Ghana fa?

Da farko, amaninmu jinsi biyu ne. Akwai mai zagayayyen jiki, wanda masana ke kira Sardinella aurita, shi ya fi son ruwa mai sanyi da gishiri sosai, in ruwan sama ya yi ɗumi sai ya nutsa ƙasa ya yi nesa da gaɓa. Akwai kuma mai faɗin jiki, Sardinella maderensis, wanda ke jure ɗumi da ruwan da kogi ya surka, shi ya sa ake samun sa kusa da gaɓa kusan duk shekara.

Rayuwar amani, musamman na farkon, tana rataye ne da wani abu da ke faruwa a tekunmu kowace shekara. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku ya hau sama, zafin ruwan saman ya sauka ƙasa da digiri 25. Wannan ruwan yana tahowa da taki, sai 'yan mitsi-mitsin tsirrai da halittun ruwa su yi yawa, abincin amani ke nan. A lokacin ne yake taruwa kusa da gaɓa yana zuba ƙwai, a lokacin ne kuma masunta ke yin babbar kakarsu. Akwai ƙaramin tasowar ruwan kuma wajen Janairu, lokacin hunturu. Wannan ruwan sanyin ba ya tsaya a iyakar Ghana. Yana kamawa ne tun daga Kef Palmas, kan iyakar Laberiya da Kwaddibuwa, har zuwa gaɓar Benin.

Akwai wani kwamiti na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna CECAF, wanda aka kafa a 1967, da ke tara masanan ƙasashen yankin suna lissafin kifi. Daga Gini Bisau zuwa Angola, kwamitin ya kasa amani gida huɗu. Na arewa: Gini Bisau, Gini, Saliyo da Laberiya. Na yamma: Kwaddibuwa, Ghana, Togo da Benin. Na tsakiya: Najeriya da Kamaru. Na kudu: Gabon, Kwango biyu da Angola. Kenan a lissafin da ake aiki da shi, amanin Elmina da na Sasandara da na Lome da na Kwatano gida ɗaya ne, kuma masanan sun sha bayyana cewa kamun da ake yi wa wannan gidan ya wuce ƙarfinsa.

An gina wannan rabon ne galibi a kan yanayin ruwa da inda ake samun kifin da lokacin haihuwarsa, kuma aikin tantancewa bai tsaya ba. Jirgin binciken nan na Norwe, Dr Fridtjof Nansen, wanda ke aiki tare da Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1975, yakan ratsa ruwanmu yana auna yawan kifi da na'urar amsa-kuwwa, yana kuma ɗibar samfuri don awo da gwajin DNA. Ko a cikin gidan yamma ɗin ma an yi muhawara. A 1972 an yi kamun amani mai yawan gaske a Ghana, shekarar da ta biyo baya kifin ya yi ɓatan dabo, sai da aka ɗauki shekaru kafin ya dawo. Da ya dawo, a shekarun 1980 sai ya yi yawa a ɓangaren Kwaddibuwa fiye da yadda aka saba. Masana suka yi ta tattaunawa: zuriya ɗaya ce ta faɗaɗa, ko kuwa biyu ce, ɗaya a yammacin Kef Tiri Poyint, ɗaya a gabashinsa? Ko wacce amsa aka ɗauka, iyakar kifin ba ta dace da iyakar da ke kan taswira ba. Su kansu masuntan Fante shaida ne, tun kaka da kakanni suke bin kifi har Kwaddibuwa da Laberiya, wasu ma can suka yi gida.

Rufe teku: yaushe, kuma su wa?

Hana kamun kifi na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne a gaɓarmu. A garuruwa da dama ba a shiga teku ranar Talata. A Elmina ana hana su a tafkin Benya na wasu makonni kafin bikin Bakatue, wanda ake yi Talatar farko ta watan Yuli. Sabon abu shi ne rufewar gwamnati ta ƙasa baki ɗaya.

An so a fara a watan Agustan 2018, masunta suka ƙi, aka ɗage. A 2019 aka rufe wa masu kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, masana suka ce an yi a lokacin da bai dace ba, don ba lokacin ne amani ya fi zuba ƙwai ba, su Agusta suka ba da shawara. A 2020 annobar korona ta hana. Daga 2021 aka koma rufe wa masu kwale-kwale watan Yuli, manyan jirage masu jan raga kuma Yuli da Agusta. A 2023 Kwaddibuwa ta bi sahu ta rufe nata ruwan a daidai wannan lokacin, kuma kwamitin FCWC mai hedikwata a Tema, wanda ya haɗa Laberiya, Kwaddibuwa, Ghana, Togo, Benin da Najeriya, yana ta ƙoƙarin ganin maƙwabta sun daidaita kalandarsu. A 2025 kuma gwamnatin Ghana ta cire masu kwale-kwale daga rufewar, ta bar ta a kan manya da matsakaitan jirage. A wannan shekarar ce aka sa hannu a sabuwar dokar kifi da ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12 na teku.

Duk wannan kai-komo, sanin zuriya ne alƙalinsa. Shi zai faɗi watan da ya kamata a rufe, don rufe teku a watan da kifi ba ya haihuwa yunwa ce kawai aka sa wa mutane. Shi zai faɗi ƙasashen da dole su rufe tare. Shi ne kuma zai faɗi jimillar abin da ƙasashen huɗu za su iya ɗiba, kafin a zo maganar rabon kowa.

Hutun wata guda kuma ba ya maganin ɓarnar wata goma sha ɗaya. Ga kamu da fitila, ga taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'ya, ga kuma saiko da aka yi fama da shi a baya, wato kifin da manyan jirage suka riƙa daskararwa suna sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku ba bisa ƙa'ida ba. Ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano sun ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kimanin tan 100,000 ne ya shigo ta wannan hanyar, kuma cikinsa akwai 'ya'yan amani da ba su kai haihuwa ba. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi karo na biyu kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ke ba da fata shi ne amani kifi ne mai saurin girma, cikin kimanin shekara guda ya isa haihuwa. In aka sarara masa da gaske yana iya dawowa, kamar yadda ya dawo bayan 1973.

Namu rabon

Ba zan ce wa Goggo ta daina sayen ƙananan kifi ba, don abin da ta samu a kasuwa shi take saye, kuma talaka ba ya zaɓe. Amma muna da baki, muna da ƙuri'a. 'Yan siyasa suna shigo mana zango lokacin zaɓe da buhunan shinkafa da sukarin azumi. Cikin tambayoyin da za mu yi musu har da waɗannan: me ake yi don ƙasashen huɗu su riƙa rufe teku tare, a watan da ya dace? Wane tallafi ake ba iyalan masunta a watan hutu, don kada yaro ya bar makaranta saboda kuɗin mota? Nawa ake ware wa masu binciken kifi na Tema da na Jami'ar Cape Coast don su ci gaba da awo da ƙirga? Limamanmu ma suna da abin faɗa a mumbari, don addininmu ya hana ɓarna da almubazzaranci, kuma arzikin ruwa amana ne kamar na tudu.

Yaron nan ya dawo makaranta a watan Agusta da aka buɗe teku. Sai bayan wasu watanni na sake zuwa Elmina, na samu dattijon na ce, "Egya, na zo da amsarka. A lissafin masana, kifinka da na ƙanenka gida ɗaya ne." Ya yi dariya ya ce shi dama ya sani, don mahaifinsa tun daga Axim yake bin eban har Keta, bai taɓa ganin shinge a cikin ruwa ba. So yake ya ji ko masu takarda ma sun sani.

Na ce sun sani. Ya ce, "To Ticha, ka gaya musu su zauna da maƙwabta su yi magana ɗaya. In za mu ji yunwa, mu ji tare, kifin ya huta da gaske." Ya ɗauki tarunsa ya ci gaba da ɗinki, ni kuma na tsaya wajen masu banda na saya wa Goggo amani kafin in hau mota.